Ƙafar da Ta Ƙi Bin Oda

A Zuru ba a tambayar ko gida yana da soja, sai dai a tambayi guda nawa ne. Saja Dominic na cikin waɗanda suka ajiye kaki, amma fa a baki kawai ya ajiye shi. Shekara goma sha tara da barin aiki, har yau in aka miƙo masa koko sai ya miƙe ya karɓa da hannu biyu, ƙirji a gaba, kamar lambar yabo ake ba shi. Matarsa Gladys, mai shagon ɗinki a ƙofar gida, ta ce tun da ta aure shi ba ta taɓa ganin ya jingina da bango ba, wai kada bangon ya raina shi.

Yana da but baƙaƙe, takalman da ya yi yaƙin Laberiya da su, suna zaune a kan kabad kusa da Littafi Mai Tsarki. Duk Asabar sai ya sauko da su ya goge har ya ga haƙoransa a jiki. Ba don ado yake wannan wahala ba, alkawari ne. A can Laberiya, wata rana suna cikin rami ruwa har gwiwa, shi da Kofur Ladan suka yi rantsuwa cewa duk wanda ya riga tafiya, ɗayan zai zo bakin kabarinsa da but ɗinsa na soja, ya ƙame, ya sara masa. Ladan ne ma ya ƙara sharaɗi, ya ce, "Da but hwa, Saja. In ka zo min da silihwas, ban yahe ba."

Shi Ladan Bakabe ne, iyayensa daga wajen Argungu suka zo Dabai, nan kusa da Zuru, da fataucin busasshen kifi, wuri ya karɓe su suka zauna. Ɗaya Kirista, ɗaya Musulmi. Ɗaya ba ya dariya sai da dalili, ɗayan kuma ba ya hutawa sai ya nemo masa dalilin. Haka suka yi shekara talatin da wani abu.

To, a daminar bana Ladan ya kwanta da ciwon hanta. Da aka gaji da zaryar asibiti, likita ya ce a kai shi gida a ci gaba da addu'a, maganar da ba ta buƙatar tafinta. A cikin makon kuma, kamar da gangan, ƙafafun Saja suka kumbura. Ya sauko da but ya gwada, ƙafa ta shiga rabi ta cije. Ya danna ƙwaurinsa da yatsa, wurin ya loɓa ya ƙi tasowa, kamar an danna tuwo.

Gladys ta ja shi asibiti. Likita ya ce jininsa ya hau, zuciya ta ɗan gaji, ruwa ne ke taruwa a ƙafa. Ya ba shi magani, ya ce ya rage gishiri, ya riƙa kwanciya yana ɗora ƙafa a kan matashi. Saja ya yi godiya cikin ladabi. Suna fita ya ce wa Gladys mutumin da bai taɓa fareti ba ba zai koya masa yadda ake ajiye ƙafa ba. Soja ya kwanta da rana tsaka, ƙafa a sama kamar figaggiyar kaza? Allah ya sawwaƙe.

Sai ya kira ɗiyarsu Magdalene, wadda ke bincike a wata jami'a a kudu. Abin da ya sani game da aikinta shi ne tana wuni tana leƙen abubuwan da ido ba ya gani, kuma ana biyanta.

"Ke da kike leƙen jini, gaya mini," in ji shi. "Ruwan nan ta ina ya fito? Ba a harbe ni ba, ban taka ƙusa ba."

"Baba, jijiyar jini ba kamar fayif ɗin roba take ba. Cikinta a shimfiɗe yake da wasu ƙananan ƙwayoyin halitta, a jere, kowace na riƙe da ta kusa da ita. Ta tsakaninsu ruwa ke ɗan ratsawa ya shiga nama, ko a jikin mai lafiya. In jini ya matsa da yawa, ko suka saki juna, sai ruwan ya fita fiye da kima."

"A jere kika ce? Sahu ke nan."

"Kusan haka. Kuma kowace tana da ƙwarangwal a cikinta, ba na ƙashi ba, na zare. Wasu zaren kamar igiya, wasu kamar sandunan tanti. Shi ke sa ta yi tauri ko ta yi laushi. To, abin da zai ba ka mamaki shi ne, in ta yi tauri..."

"Ya isa. Na gane."

"Baba, ban gama ba."

"Na ce na gane. Sojoji ne a sahu, sun yi laushi, abokin gaba ya ratsa. Rashin horo ne." Ya kashe waya.

Halinsa ke nan. A rayuwarsa bai taɓa sauraron rahoto har ƙarshe ba, don a ganinsa rabin farko shi ne rahoto, rabin ƙarshe kuwa uzuri ne.

Washegari da sassafe ya fito gindin mangwaron ƙofar gida da gajeren wando. Ya raɗa wa ƙafar dama Kamfani na Ɗaya, ta hagu Kamfani na Biyu. Ya sunkuya ya yi wa ƙwaurinsa jawabi. Ya ce ya ji labarin ƙwayoyin nan suna da yawa, amma yawa ba ya ba shi tsoro, ya horar da kuratan da suka fi su taurin kai. Ya ce yana da aboki a Dabai da ke jiran ganin but, saboda haka duk ƙwayar da ya kama tana laushi za ta gane kurenta. Sannan ya miƙe, ya cika ƙirji da iska, ya daka tsawa: "Kamfani! Ku ƙame!" Ya ƙame shi ma, don kwamanda ba ya ba da odar da ba zai bi ba. Awa biyu cur yana tsaye, ko ƙuda bai kora ba.

Da ya sallami fareti, ƙafafun sun zama kamar turmi biyu. Saja ya dube su ya gyaɗa kai. Ya san wannan, tawaye ne, kuma maganin tawaye ƙarin awa.

Ai kuwa labari ya zaga unguwa. Na farko da ya zo shi ne Ebenezer, tsohon mai busa begila, wanda shi ma idon sawunsa ya daɗe da ɓacewa. Ya ji bayani ya ce wannan shi ne ilimi, ba irin na likitoci ba da ke cewa mutum ya kwanta. Kafin mako ya fita, tsofaffin sojoji goma sha huɗu ke jeruwa gindin mangwaro kowace safiya. Akwai wanda cikinsa ne ya kumbura, shi sai ya riƙa yi wa cibiyarsa tsawa. Akwai wanda lafiyarsa ƙalau, ya ce rigakafi ya zo yi. Ebenezer ya busa begila, kowa ya duƙa ya zagi ƙwaurinsa gwargwadon muƙaminsa, sannan a ƙame. Mata masu zuwa kasuwa su tsaya da kaya a ka suna kallo har wuya ya gaji.

Gladys aka naɗa mai awo, ba da son ranta ba. Bayan kowane fareti sai ta fito da tef ɗinta na ɗinki ta bi su ɗaya-ɗaya, ta faɗi sakamako da ƙarfi don kowa ya ji kunya. "Ebenezer, ka ƙaru da inci ɗaya. Baban Magdalene, inci ɗaya da rabi." Ebenezer ya ce ai wannan alamar nasara ce, bataliya ce ke ƙaruwa.

Duk wannan lokaci Saja bai taka Dabai ba, ga ta nan kusa, ko man lita ɗaya ba za a ƙona a mashin ba. Ya ce saja ba ya zuwa gaban kofur da silifas. Sai dai saƙon murya da Rahmatu, matar Ladan, ke turowa a wayar Gladys. Muryar Ladan ta sirance, amma tsiyar na nan daram.

"Saja, an ce ka buɗe bariki a ƙahwarka. Madalla. Ni dai ba ni da iko da ajali, amma ina roƙon Allah shi ɗan jinkirta min har but shi shiga. Ka yi sauri hwa, kwanciyar ga ta ishe ni."

Saja ya saurara sau uku, ya ce a mayar masa da amsa cewa aiki na tafiya yadda aka tsara.

Da aka kwana goma, ƙafarsa ta hagu ta fi ta dama girma da inci biyu, sai aka yanke shawarar gurfanar da ita. Aka kawo benci, Ebenezer ya zama alƙali, aka ɗora ƙafar a kan turmi a matsayin wadda ake tuhuma. Saja ne mai gabatar da ƙara, kuma da yake ƙafarsa ce, shi ne lauyanta. Ya tuhume ta da barin ƙofa a buɗe a bakin aiki, sannan ya juya hularsa ya roƙi sassauci saboda ta yi Laberiya. Aka kira Gladys shaida, ta ce ita abin da ta sani, duk wanda ke wurin nan ya kamata a ɗaure, ban da ƙafar. Aka share shaidarta. Kotu ta yanke wa Kamfani na Biyu kwana uku a gadirum, kurkukun bariki, wato a cikin bokiti, a tsaye.

A ranar Gladys ta kira Magdalene ta ce, "Ki zo ki girbe abin da kika shuka. Ubanki ya ɗaure ƙafarsa a bokiti."

Magdalene ta iso ranar Alhamis da rana, ta tarar da mahaifinta ƙafa ɗaya a bokiti, yana ƙame. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata. Ba ta yi dariya ba, ko da yake sai da ta ciji leɓe. Ta ce ta zo da rahoto daga fagen daga, kuma doka ce a kalle shi har ƙarshe. Wannan kalma ta fagen daga ita ta sa tsofaffin suka kewaye wayarta.

Hoto ne mai motsi da ta ɗauka a ɗakin bincikensu, ta madubin da ke girmama ƙananan abubuwa. Ga ƙwayoyin nan a shimfiɗe kamar daɓen tayil, kowace da koren zare ya zagaye bakinta.

"Wannan zaren na gefe ɗamara ce," in ji ta. "A nan suke riƙe hannun juna. Muddin igiyar tana gefe, riƙon na da ƙarfi, ruwa ba ya samun hanya. Yanzu ku duba, zan zuba musu wani sinadari da ke sa su ɗaure jiki."

Suna kallo zaren ya bar gefe, ya miƙe ta tsakiyar kowace ƙwaya, kauri-kauri, ya ɗame. Kowace ta tsuke, ta ja jikinta ciki. Sai ga baƙaƙen ramuka suna buɗewa a tsakaninsu.

"Kai!" in ji Ebenezer. "Sun watse!"

"Ba su watse ba, ƙamewa suka yi," in ji Magdalene. "Sun fi ɗazu tauri nesa ba kusa ba. Amma kowace ta ja igiyarta zuwa cikinta, ta saki ta kusa da ita. In kun kafa tanti biyu baki da baki, kowa ya ɗame nasa zuwa tsakiya, ina ruwan sama zai bi?"

Wannan kam sun san shi, duk sun kwana a irin wannan tantin.

Saja ya yi gyaran murya. "To, tsawar da muke musu fa?"

"Ba su da kunne, Baba. Ko begila ba sa ji. Kuma ban ce abin da ke cikin wayar nan shi ne ciwonka ba. Naka likita ya faɗa maka, jini ne da zuciya. Amma tsayuwar awa uku, ai kai da kanka kake tura ruwa ƙasa, yana matsa waɗannan bayin Allah."

Saja ya daɗe yana kallon baƙaƙen ramukan. Ya ji kunya, kunya mai zafi, irin ta kwamandan da ya gano shi ya yi wa mutanensa luguden wuta. A hankali ya zare ƙafarsa daga bokiti, ya ce an yi wa Kamfani na Biyu afuwa.

Amma mai hali ba ya fasa halinsa. Washegari aka sake fareti, da sabon tsari. Aka shimfiɗa tabarmi a gindin katanga, tsofaffi goma sha huɗu suka kwanta rigingine, ƙafafu a sama jingine da bango, kowa na riƙe da hannun na kusa da shi don ƙwayoyi su ga misali. Babu oda a littafin soja ta riƙe hannu, sai da Saja ya ƙirƙiro. Ebenezer ya busa begila a kwance, ta fito kamar kukan akuya. Wani fasto da ya zo wucewa ya tsaya ya tambaya ko sabuwar ɗarika ce. Gladys ta ɓoye gishiri, Magdalene ta tsaya a kan mahaifinta safe da yamma sai ya haɗiye magani, da la'asar kuma ta tasa shi gaba su taka har bakin gonar dawa su dawo.

Kwana biyar, tef ɗin Gladys ya fara kawo labari mai daɗi. Ranar na shida ƙafar dama ta shige but sumul. Aka yi tafi, Ebenezer ya busa begila a tsaye. Gladys ta ɗauki hoto ta tura Dabai. Ba a jima ba amsa ta zo, muryar ta ƙara yin ƙasa, ana jin numfashi tsakanin kalmomi.

"Alhamdu lillahi, Saja. Saura guda. Ka ga ni ma na kusa samun hutu ke nan."

Kowa ya yi dariya ban da Saja. Ya karɓi wayar ya sake saurara. Ya cire but ɗin, ya goge shi da gefen riga, ya mayar kan kabad.

Daga ranar ƙafar hagu ta tsaya cak. Ta dama sai sacewa take, ta hagu kuwa har ƙaruwa ta soma yi. Magdalene ta damu, domin ta san in ƙafa ɗaya kaɗai ta kumbura ba abin wasa ba ne, ta ce gobe sai asibiti. Gladys kuwa ba ta yi karatun jini ba, amma ta yi karatun mijinta shekara arba'in. Da azahar, lokacin da ya ce zai shiga ya huta, ta ajiye almakashi ta bi sawunsa.

A rumbun ajiya ta same shi, bayan buhunan dawa. Yana tsaye a kan ƙafar hagu ita kaɗai, ta dama ya ɗora ta a kan buhu, ya ɗaure cinyar hagu da igiyar wando. A hannunsa ga gwangwanin gishirin da ta ɓoye, yana lasa, yana tura shi kuncin hagu don kada ya ɓata hanya ya sauka dama.

"Baban Magdalene! Haukan ya kai nan?"

Magdalene ta rugo, ta fara kwance igiyar tana faɗa, ta ce wannan ɗaurin kaɗai ya isa ya kashe mutum. Saja bai kare kansa ba. Yana tsaye da gishiri a gemu, ya dubi buhunan dawa ya yi magana a hankali, da muryar da ba ta fareti ba.

"Ya ce yana jiran but ya shiga. In bai shiga ba, ai sai ya ci gaba da jira."

Gladys ta dube shi. Ta zauna a kan buhu. Tausayinsa ya kama ta, haushi kuma bai sake ta ba, ta rasa wanne za ta fara da shi.

Magdalene ce ta ce, "Baba, ran Baba Ladan ba a ƙafarka yake ba."

"Na sani."

"In ka sani," in ji Gladys, "kwana ashirin da uku ke nan ba ka je ka gan shi ba. Kana nan kana riƙe hannun Ebenezer, mutumin da ko ruwa ba ku sha tare ba a Laberiya. Tashi. Wallahi yau ko da ƙafar giwa ce sai ka je Dabai."

Ya je. A bayan mashin, da silifas, but ɗin a rataye a wuya da igiyoyinsu. Duk hanya yana jin kamar duwatsun Zuru kallon ƙafarsa suke.

Rahmatu ta tarbe shi a tsakar gida, ta ce, "Sannu da zuwa, Saja. Kullum sai ya sa an juya masa gado yana kallon ƙofa." Wannan magana ta fi masa zagi ciwo.

Ladan na kwance, ya ƙare sai idanu, su ma sun yi rawaya. Ya dubi fuskar Saja, ya gangaro da kallo har ƙasa, ya tsaya a kan silifas. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Dariya yake, ba sauti.

"Mi zan gani haka? Saja guda da takalmin wanka?"

"Kamfani na Biyu ne ya yi tawaye."

"Na ji labari. An ce har kotu kunka yi." Ya huta, ya ja numfashi. "An kuma ce ɗiyarka ta koya maka riƙon hannu da tsuhwa. To, nuna min in gani ko ka iya."

Ya miƙo hannu, ba nauyi ko kaɗan. Saja ya tsaya ƙame a bakin gado, don bai san yadda ake yin wani abu daban ba. Sannan ya zauna, ya riƙe hannun da nasa biyu. Suka yi hirar ramin Laberiya, da wani kyaftin mai tsoron kwaɗi, da shinkafar da suka dafa a hular kwano. Da hira ta ƙare ba su saki ba. Saja ya ce masa shi ya hana ƙafar sacewa, da gishiri. Ladan ya rufe ido ya ce, "Wawa. Ka bar ni ina ta wahala don ka sha gishiri." Amma ya ƙara matse hannun.

Kwana biyu Saja na zuwa tun safe sai yamma. A na uku, da hantsi, Ladan ya cika, hannunsa a inda ya saba.

Musulmi ba sa jinkirta gawa. Kafin azahar an yi wanka an sa likkafani. Saja ya zauna a bayan gida yana kokawa da but ɗin hagu. Ya shafa man gyaɗa, ya sa leda, Ebenezer ya ja, wani tsohon kofur ya tura. Gishirin da ya sha ya riƙe amanarsa, ƙafa ta ƙi. Aka kira sallah. Saja ya rataya but a wuya ya fito da silifas, zuciyarsa kamar ta fashe. Shekara talatin yana goge takalmi saboda wannan rana ɗaya, kuma da hannunsa ya ɓata ta.

Shi da tsofaffin sojojinsa suka tsaya daga baya, gefe guda, kamar yadda Kiristoci ke yi a jana'izar 'yan'uwansu. Liman ya juyo ya ce a daidaita sahu, a matso, a toshe kafa. Saja ya ga kafaɗa ta haɗu da kafaɗa har ba wurin da iska za ta bi. Sai ya ga wani abu da ya sha gani bai taɓa kula ba. Da yake a fili ake, ƙasa kuma da danshin ruwan jiya, mutane da yawa sun zare takalmansu sun ɗora ƙafa a kai, suna tsaye a bisansu.

Aka kai Ladan makwancinsa, aka rufe, aka yi addu'a, jama'a suka fara juyawa. Saja ya matsa bakin kabarin. Ya cire silifas ya miƙa wa Ebenezer, ya ce ya kai su inda Ladan ba zai gani ba. Ya sauke but daga wuya, ya jera su a ƙasa, dunduniya haɗe, baki a buɗe daidai yadda doka ta ce. Ya hau kansu, ƙafar dama, sannan ta hagu.

To, but ba fili ba ne. Yana cika ƙirji zai ƙame sai ya yi tangaɗi, saura kaɗan ya bi abokinsa. Ebenezer, wanda ya riga ya dawo, ya cafke hannunsa na hagu. Na kusa da Ebenezer ya kama nasa, na gaba ya kama na gaba, don abin da suka yi ta koya ke nan a gindin katanga, har sahun goma sha huɗu ya haɗu. Liman da sauran jama'a suka tsaya suna kallo.

Saja Dominic ya ɗaga hannun dama ya sara. Ya so ya tsaya da ƙafarsa shi kaɗai, ƙafar ta ƙi, sai ya bar nauyinsa a kafaɗar Ebenezer, ya jingina. Ya ba idanunsa oda su riƙe ruwansu, su ma suka ƙi.

"Kofur Ladan," in ji shi, "ga but. Ka duba da kyau, ba silifas."

Hannun na nan a goshi har ruwa ya fara yayyafi, kuma ba wanda ya saki wani.